Rabin Tanki

Wani direban babbar mota ne ya fara ganin motar Mai Rijiya, ranar Asabar da hantsi, a gefen doguwar hanyar nan da babu gida babu gidan mai. Bonet a ɗage, ƙofar direba a buɗe, makulli a jiki. Shi kansa mai motar sai da rana ta karkata aka same shi can cikin daji, kwance a gindin wata ƙaya, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Babu rauni ko ɗaya a jikinsa. Likita ya ce zafi ne da ƙishirwa, ga ciwon sukarin da ya daɗe yana fama da shi.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun yi kukanmu mun haƙura, don babu unguwar da ba ta shan ruwan rijiyar da ya haƙa. Amma da 'yan sanda suka sa wa motar wani batir suka murɗa makulli, sai allurar gejin mai ta tashi ta tsaya cak a rabi. Motar kuwa ta ƙi tashi. Wani ya sunkuya ya ƙwanƙwasa tankin, ya ji shi fayau kamar gwangwanin da aka wanke.

Kowa a garin ya san halin Mai Rijiya da allurar nan. Ba ya ƙirga tafiya, ba ya tuna ranar da ya sha mai. Allura kawai yake duba. In tana rabi, ya san za ta ƙetare da shi doguwar hanya har gidan mai na farko, kuma shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunya ba. Kowa kuma ya san wanda ya gyara masa gejin wata guda kafin nan. Mijina ne, Bakanike.

Kafin a binne gawar har an gama shari'ar a bakin shaguna. An tuno ranar da suka yi cacar baki, da Mai Rijiya ya ce gyaran mijina ba ya ɗorewa, mijina ya ce masa in bai daina tuƙin ganganci ba, wata rana motar nan za ta ajiye shi a inda babu kowa. Maganar bakanike ce, yana faɗa wa mutum goma irinta a rana. Amma mutum ɗaya ne ya mutu. Ga shi kuma kwana goma motar ta yi a filin garejinmu lokacin da Mai Rijiya ya tafi aiki, makullinta na rataye a ƙusa cikin shagon mijina. Ga fetur ya yanke a garin tun makonni biyu, kwalba ɗaya ana nemanta kamar magani. Sai aka haɗa, aka ce ya zuƙe man, ya murɗe allura, ya tura mutum ya mutu.

Ranar Lahadi 'yan sanda suka zo suka tafi da mijina, hannunsa ko wankewa bai yi ba. Sufeto ya ce mini ranar Alhamis za a wuce da shi babban birni da tuhumar kisa. Na ce masa duk makon yana gida, tunda babu mai babu motar gyara. Ya dube ni da tausayi ya ce ai ni matarsa ce.

Maƙwabta suka daina gaishe ni. Mutum ɗaya ne ya riƙa leƙo mu safe da yamma, ƙanena, autan gidanmu, wanda shagonsa na walda ke manne da garejin. Ya kawo wa yara abinci, ya gyara mini sakatar ƙofa, ya zauna kai a sunkuye. Na ji tausayinsa, don shi ma da nasa nauyin. Matarsa na zuwa wankin ƙoda a asibitin wani gari duk Litinin da Alhamis, kuma ko a makon da babu mai bai bari ta fasa ba. Har na yaba masa a kan haka.

*

Ranar Litinin na tafi wurin Kawu, yayan mahaifiyarmu. Mai Sawu ake ce masa. Shekara arba'in yana bin sawun dabbar da aka sace da mutumin da ya ɓace, har 'yan sanda sukan aiko masa in nasu ya ƙare. Gwiwarsa ta gaji, idonsa kuwa ko tabarau ba ya nema. Tun ina ƙarama yake kirana Mai Tsiwa, kuma ban taɓa ba shi dalilin canza sunan ba.

Na zazzage masa komai, ina yi ina zagin mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Ya bari sai da na gaji.

“In na fara bi ba na tsayawa a hanya, Mai Tsiwa,” ya ce. “Ko ƙofar wa ya kai ni, zan buga.”

Na ce masa ko ƙofar uban wa ce ya buga, ni dai mijina nake so a sako. Ya ɗauki sandarsa.

Direban da ya ga motar ne ya rage mana hanya, don manyan motoci ba fetur suke sha ba. Inda motar ta tsaya an tattake shi, sawun 'yan sanda da na 'yan kallo. Kawu bai ko tsaya a nan ba. Ya yi nesa ya fara zagaye, yana ɗingishi, yana nuna ƙasa da bakin sanda. Rana tana dukan kaina, ko'ina shiru, babu ko tsuntsu.

Ya nuna mini inda tayoyin suka sauka daga kwalta a hankali, babu jan burki. Ya ce motar mutuwa ta yi da kanta, ba tare ta aka yi ba. Ya nuna inda Mai Rijiya ya durƙusa ta gaba, inda ya shimfiɗa tsumma ya jera fulogi, inda ya zauna a inuwar motar har inuwar ta gudu ta bar shi ya koma ɗaya gefen. Ga robar ruwa biyu babu komai ciki. Ya ce mutumin ya kwashe fiye da rabin yini yana neman ciwon motar a gaba.

“Bai zagaya baya ba ko sau ɗaya,” in ji Kawu. “Bai duba tanki ba. Me zai kai shi? An gaya masa akwai rabi.”

Daga nan sawun ya shiga daji. Da farko a miƙe, taku mai faɗi, na mutumin da ya san inda za shi. Can sai takun ya gajarce, ƙafar hagu ta fara ja. Sau biyu ya zauna. Mun isa gindin ƙayar, Kawu ya ɗaga sanda ya nuna gaba. Ina iya hango bakin wata rijiya da kwalbati, tafiyar da ba ta kai ta shan kofin shayi ba. Mai Rijiya ne ya haƙa ta da hannunsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, har na manta cewa danginsa ne ke neman ran mijina.

Muna komowa Kawu ya tsaya a ɗaya gefen kwalta. Akwai sawun babur da ya tsaya daidai motar, tayar bayansa da faci, mai shi ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, sannan ya wuce. Murna ta kama ni. Na ce shi ke nan, ga ɓarawon mai. Kawu ya ce in yi a hankali da bakina.

*

Mun sami mai babur washegari a kasuwa, ta facin tayarsa. Mai sayen fata ne, yana yawo ƙauye ƙauye. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ja mu gefe. Ya ce tun Asabar bai yi barcin kirki ba, tsoro ne ya hana shi zuwa wurin hukuma.

Ya ce ranar Juma'a da rana tsaka ya tarar da Mai Rijiya kansa cikin injin. Ya tsaya ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce masa ya hau ya kai shi gari, Mai Rijiya ya ce ba zai bar mota da kayan aikinsa a daji ba, saura kaɗan ya gano matsalar. Mai fata ya goge fuska da hula. Sannan ya kwance wata kwalba daga bayan babur ya ajiye a gabanmu, fetur ne cike.

“Wannan na miƙa masa, Baba. Na ce ko mai ne ya ƙare. Ya yi dariya ya kama hannuna ya kai ni ya nuna mini allurar. Ya ce in riƙe abina, ni ne zan buƙace shi.”

Kawu ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa garejinmu, ya ce bai ma san inda yake ba. Da muka fito na ce ƙarya yake yi, Kawu ya ce wanda ya saci mai ba ya ajiye kwalba kwana huɗu yana kallonta.

Sai mai gadin filin gareji. Shi na fi zargi, don an ga mesa a ɗakinsa, kuma ni da shi dama ba ma ga maciji. Kawu ya karɓi mesar ya shinshina, ya miƙo mini. Warin ruwan randa take yi. Mai gadi ya rantse bai taɓa motar ba, amma da Kawu ya zauna kusa da shi bai matsa masa ba, sai ya fara bayani don kansa. Ya ce sau biyu a makon ya farka daga barcin safe ya ga gurbin motar babu kowa, kuma kafin yamma ta dawo. Bai ga direba ba. Bai tuna ranakun ba. Ya ɗauka Bakanike ne ke gwada ta, shi ya sa ya ja bakinsa, don kada ya ƙara masa wuta.

Wannan shaida ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Kawu kuwa ya ce ta yi kyau, tunda yanzu mun san ba zuƙe man aka yi ba, tafiya aka yi da shi.

*

Sufeto ya bar mu mu ga mijina da yamma. Ya rame cikin kwana biyu, gemu ya fito masa fari-fari. Bai tambayi kansa ba, sai yara. Kawu ya ce ya bar yara tukuna, ya gaya masa yadda ake gyaran geji, kamar yana koya wa wanda bai taɓa ganin mota ba.

Nan take muryarsa ta dawo. Ya ce in ka ɗaga kujerar baya akwai wani murfi, a ƙarƙashinsa tanki yake. A jikin murfin akwai wata siririyar sandar ƙarfe, a ƙarshenta ƙwallon roba da ke yawo a saman mai. Mai ya cika, ƙwallo ya hau, allura ta hau. Mai ya ragu, su sauka tare. In allura ta fara ƙarya, sai ka zuƙe tankin tas cikin jarka, ka ciro sandar ka ɗan lanƙwasa ta, ka mayar, ka riƙa zuba man kaɗan kaɗan kana duba allura har su yi daidai. Ya ce shi kullum sama yake ɗan lanƙwasawa, don allura ta taɓa ƙasa alhali da sauran ɗan mai. Ya fi so ta tsorata mutum da ta kwantar masa da hankali a banza.

Kawu ya tambaya in an lanƙwasa ƙasa fa. Ya ce to ƙwallon zai zauna a gindin tanki ya tokare, ko babu ɗigo allura ba za ta sauka ba.

“Da me kake lanƙwasawa?”

Mijina ya ɗaga manyan yatsunsa biyu.

“Kana aunawa? Kana sa alama?”

“Alamar me, Kawu? Hannu ya sani.”

Kawu ya tambaye shi ko shi kaɗai ya yi aikin ranar. Ya ce shi kaɗai, sai dai Auta da ya riƙe masa tocila, don cikin tankin da duhu. Ya faɗe shi ne kamar yadda mutum zai ce an yi rana. Ni ma haka na ji shi.

*

Motar tana ajiye a harabar ofishin 'yan sanda. Ranar Laraba da safe Sufeto ya tsaya a kanmu, Kawu ya fara da tayoyi. Ya sa yatsa can cikin ƙarfen da ke saman taya ya ɓanɓaro busasshiyar jar laka. Ya murza ta a yatsu. Doguwar hanya yashi ce zalla, ni ma na san wannan. Jar laka sai ta wajen mashigin rafi, hanyar da ta nufi garin da asibiti yake. Na ji wani abu ya ɗan taɓa zuciyata, na kore shi.

Babu wanda ya ɗaga kujerar baya tun da aka jawo motar, don a ganinsu an riga an san komai. Wani ɗan sanda ya ɗaga ta. Kawu ya sunkuya ya daɗe. Sannan ya matsa gefe ya ce in leƙa.

A kan ƙarfen da kujerar ke rufewa, kusa da murfin tanki, akwai zane da farin alli. Layi ne siriri mai tsabta, ya miƙe, ya ɗan karkata, a ƙarshensa da'ira daidai girman ƙwallo. Wani ya kwantar da sandar a nan ya zana siffarta kafin ya taɓa ta. A farkon layin kuma akwai wata 'yar ƙugiya, kamar kan sandar tsoho, alamar inda aka fara awo.

Na san ƙugiyar nan. Tana jikin ƙofar gidana ta ƙarfe. Tana bangon ɗakina sau biyar, inda ake auna tsawon yarana duk shekara. Tun yana koyon aiki yake sa ta a kan komai nasa, har guduma da jarka.

Sufeto ya tambaya ko zanen na da ma'ana. Kawu ya ce a tara masa mutane da yamma zai faɗa. Da muka fito bakin titi na sha gabansa.

“Kawu, alli ne fa. Tsumma ɗaya ya ishe shi.”

“Ya ishe shi,” ya ce. “Gobe kuma a wuce da mijinki.”

Na dube shi, na ga idonsa ya yi ja. A hannunsa Auta ya koyi tafiya. Na so in zage shi, in ce wa ya aike shi, sai na tuna ni ce.

*

Da yamma aka taru a harabar, kewaye da motar. Ga matar Mai Rijiya da wansa, wanda ya yi rantsuwar ƙona garejinmu. Ga mai fata da kwalbarsa, ga mai gadi. An fito da mijina. Auta ya zo tare da ni, yana ɗauke da kwanon abincin da ya kawo wa surukinsa. A bakin ƙofa mutanen gari sun yi cincirindo.

Kawu bai yi dogon bayani ba. Ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, ya sa mai fata ya maimaita zancen kwalba. Matar Mai Rijiya ta rufe fuska. Sannan ya zaro guntayen waya huɗu daga aljihu, kowace da ɗan lanƙwasa a tsakiya. Ya ba mijina, ya ba mai gadi, ya ba mai fata. Ta huɗun ya miƙa wa Auta, ya ce ya taya su don a cika. Ya ce kowa ya lanƙwasa tasa sosai, sannan ya mayar da ita yadda take, ba ƙari ba ragi.

Mijina ya lanƙwasa da yatsu ya mayar, ko kallo bai yi ba. Mai gadi ya taka tasa da ƙafa ya ɓata ta gaba ɗaya. Mai fata ya sa haƙori.

Auta ya ajiye kwano. Ya tsuguna, ya kwantar da wayar a kan siminti, ya danne ta da hannun hagu. Hannun damansa ya tafi bayan kunne, inda guntun alli ke zama tun yana ɗan shekara sha biyar. Ya sa alli a ƙasa ya ja 'yar ƙugiya. A nan hannun ya tsaya.

Kawu ya buɗe ƙofar baya ya ce Sufeto da wan mamacin su leƙa, sannan su dubi siminti. Ya ce bakanike ba ya zane, hannunsa ya haddace. Mai walda ne ba ya lanƙwasa ƙarfe sai ya fitar da siffarsa, don in ya wuce ya san inda zai dawo. Ya ce wanda ya yi zanen nan ba kisa ya nufa ba, mayarwa ya yi niyyar yi. Amma bai mayar ba.

Auta bai tashi daga tsugune ba. Da ya yi magana, ni ya kalla.

“Babu mota a tasha, Yaya. Jikin matata ya kumbura. In ta fasa wanki biyu ba za ta kai Asabar ba.”

Sauran a hankali ya faɗe shi, kansa a ƙasa. Ya ɗauki makulli daga ƙusa ranar Litinin, ya sake ɗauka ranar Alhamis. Ya kai jarkarsa layin gidan mai tun farkon mako, ana ta cewa tanka na hanya. Ranar Alhamis da yamma ya ji Mai Rijiya ya dawo gari kafin lokacinsa, kuma ya san abin da zai fara yi shi ne murɗa makulli ya duba allura. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Ya tuna abin da ya gani ranar da ya riƙe tocila. Ya ce a ransa ai mutumin kan huta kwana biyu in ya dawo, kafin nan mai ya zo, ya cika ya mayar da komai. Da sassafen Juma'a aka kira Mai Rijiya cewa wata rijiya ta rufta. Da Auta ya zo shago, gurbin motar babu kowa.

Wan mamacin ya tambaye shi me ya yi da ya ga haka. Ya ce ya kira waya ba ta shiga ba. Aka tambaye shi sai me. Ya ce ya buɗe shago ya kama aiki, yana cewa wani zai taimake shi a hanya.

Matar Mai Rijiya ce ta yi magana, muryarta ba ta ko rawa.

“Da ka tambaye shi, da ya kai ta da kansa.”

Ni kuwa tambaya ɗaya ce a bakina, ta kwana huɗun da ya yi yana zama a tsakar gidana yana kallon yarana. Ban yi ta ba, don na ga amsar a fuskarsa, kuma ba ta da amfani ga kowa.

Sufeto ya sa aka kwance murfin. Sandar ta fito a lanƙwashe ƙasa, da cizon filaya a jikinta. Mijina ya kwantar da ita a kan zanen, ya bi ta da yatsu har ta hau layin daidai, ya mayar ya ɗaure. Aka murɗa makulli. Allurar ta ɗan motsa, ta kwanta a can ƙasa, ba ta ƙara tashi ba. Duk muka tsaya muna kallonta.

Aka cire ankwa daga hannun mijina. Ba a mayar da ita aljihu ba, hannun Auta ta koma.

*

A ƙafa muka tafi gida, ni da mijina da Kawu. Mutanen da suka daina gaishe ni suna ta yi mana barka, ni kuwa ji nake kamar in shaƙe su. Na sami abin da na roƙa, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Sai da muka yi nisa mijina ya tambaya ko gobe Alhamis ce. Na ce masa eh. Ya ce to dole a san yadda za a kai matar Auta wanki, ko a gaban babbar mota ne, kuma ni ce zan shiga in gaya mata dalilin da mijinta ba zai zo ba.

Muna kawowa mararraba muka ji hayaniya. Tankar mai ce ta shigo gari, tana juyawa a hankali cikin gidan mai, mutane na gudu da babura suna turawa. Jarkoki sun yi layi tun daga bakin famfo har bayan katanga, an zura musu igiya ɗaya don kada wani ya yi tsallake.

Ta farko a layin shuɗiya ce, ƙura ta rufe ta. A gefenta akwai 'yar ƙugiya da farin fenti. Mai zuba mai ya ɗaga ta sama yana tambayar ta wace ce, ya tambaya har sau uku, sannan ya kwance ta daga igiyar ya ajiye gefe, ya jawo ta biyu.